Davy Crockett Na Talabijin Da Na Majalisa

Wanda ya san Davy Crockett ta shirin talabijin na Disney na 1954, maharbi zai tuna, mai hular fata da wutsiya tana reto a ƙeya, wanda ya mutu yana yaƙi a Alamo, wani sansanin yaƙi a Texas, a 1836. Shirin ya taɓo siyasarsa, amma hular da bindigar ne suka zauna a zukatan yaran Amurka.

Crockett na tarihi kuwa ɗan majalisar wakilan Amurka ne daga jihar Tennessee, wanda a 1830 ya ƙi goyon bayan dokar Shugaba Andrew Jackson ta tayar da 'yan asalin ƙasar daga filayen kakanninsu, ya kuma sha kaye a zaɓen 1831. Wannan tsayuwar, a ganina, ta fi cancantar a koya wa yara.