Tirelar Kaya a Bayan Babur: Mahaɗin Kamfani, Na Mai Walda, Ko a Haƙura?

Mai son ɗaura wa babur ɗinsa 'yar tirelar kaya yakan fara da kallon akwatin ne: girmansa, kayan da zai ci, yana da murfi ko babu. Akwatin kuwa shi ne mafi sauƙi a duk lamarin. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa tirelar da babur, wato mahaɗi, domin ja da turi da girgizar hanya duk ta nan suke bi su shiga jikin babur. Daga nan ya kamata ciniki ya fara.

Amma tukuna ka buɗe littafin da babur ɗinka ya zo da shi. Honda da Harley-Davidson sun rubuta ƙarara a littattafan baburansu cewa kada a ja tirela da su, kuma akasarin kamfanoni haka suke. Hakan bai hana mutane ja ba, musamman masu manyan baburan tafiya mai nisa, sai dai ka sani ba don wannan aiki aka ƙera firam ɗin ba, kuma in wani abu ya karye kada ka sa rai da garanti. Masu inshora ma ka tambaye su kafin ka ɗaura, ba bayan an yi haɗari ba.

Nauyi nawa babur zai ja? Kowace ƙasa da dokarta, taka za ka bincika, amma ta Birtaniya ta yi kyau a matsayin ma'auni don ta fito da lissafin a fili. A can sai injin babur ya wuce cc 125 ake barinsa ya ja tirela. Faɗinta kada ya wuce mita 1, tsawo daga tsakiyar tayar bayan babur zuwa ƙarshen tirelar kada ya wuce mita 2.5, nauyinta da kayanta kuma kada ya haura kilo 150 ko kashi biyu cikin uku na nauyin babur ɗin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A Jamus, babur mai tirela ba ya wuce gudun kilomita 60 a awa.

Ka gwada lissafin a kan naka. Babur mai kilo 180 zai ja 120. Idan tirelar ba komai a cikinta ta kai kilo 50, saura 70 na kaya. Ƙaramin babur mai kilo 120 kuwa 80 ne rabonsa, a cire 45 na tirela, saura 35. Kaya mai wannan nauyi, kariya mai ƙwari da akwatuna biyu na gefe sun ɗauke shi ba tare da wani mahaɗi ba, kuma ni da ni ne a nan zan tsaya. Sai kuma birki, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Yawancin waɗannan ƙananan tireloli ba su da birkin kansu. Babur mai kilo 180 da mahayi mai 75 sun haɗa 255, da tirela ya zama 375, wato birkin nan guda ne zai tsayar da nauyin da ya ƙaru da kusan rabi.

Mai ƙafa ɗaya ko mai ƙafa biyu

Mai ƙafa ɗaya tana bin sawun tayar baya sak, kuma tana kwantawa tare da babur a kwana. Siririya ce, duk inda kan babur ya wuce ita ma ta wuce, ramin da ka kauce wa ita ma ta kauce masa. Ba sabon abu ba ce, tun a tsohuwar Czechoslovakia ake ƙera irinta mai suna PAV ana ɗaura wa babura kirar Jawa. Aibinta shi ne ba ta tsayuwa da kanta, babur ne ke riƙe ta. Kana jin nauyinta a hannu da ƙafa duk lokacin da ka rage gudu ko ka tsaya, kuma kaya kaɗan take ɗauka, a ƙasa-ƙasa, a daidaita dama da hagu.

Mai ƙafa biyu ta fi cin kaya, tana tsayuwa da kanta, mahaɗinta ya fi sauƙin ƙerawa. Sai dai sawu uku kake ja a hanya maimakon ɗaya, ramin da babur ya tsallake wata ƙafarta ce za ta faɗa. Tana yanke kwana ta ciki, kuma ta fi ka faɗi, abin da mahayi kan manta ke nan idan ya zo ratsawa tsakanin motoci. Mai ɗaukar kaya masu girma a kan kwalta, ita ce tasa. Mai bin ƙunƙuntar hanya da ɗan kayan tafiya, mai ƙafa ɗaya ta fi masa.

Wannan zaɓi shi ke yanke irin gaɓar da mahaɗin zai zo da ita. Mai ƙafa biyu ba ta kwantawa, babur kuwa dole ya kwanta, don haka gaɓar sai ta bar shi ya karkata. Ƙwallon ƙarfe irin na bayan mota yana barin hakan, amma da iyaka. In babur ya faɗi, ko tirelar ta kife, iyakar ta cika, ɗaya zai murɗe ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a sa wa hannun tirelar, wato dogon ƙarfen gabanta da ke zuwa mahaɗi, gaɓa mai juyawa kewaye guda. Mai ƙafa ɗaya kuma akasin haka take so: gaɓar da ke barin sama da ƙasa, dama da hagu, amma ta hana murɗawa sam, irin wadda ke jikin farfelar mota. Ɗan wasa kaɗan a wannan gaɓa, da an ɗauki gudu sai ya zama rawa.

Wani tarko da ke jiran mai sayen ƙwallo daban da murfinsa daban, wato ƙarfen bakin hannun tirela da ke hawa kan ƙwallon: na Turai milimita 50 ne, na Amurka kuwa akwai mai inci 1 7/8, wato milimita 47.6, da mai inci 2, wato 50.8. A ido duk ɗaya suke. Murfin 50 zai hau kan ƙwallon 47.6 ya yi kamar ya kulle, sai an ci karo da rami ya fita. Ka karanta lambar da aka buga a jikin kowanne.

Na kamfani ko na gida

Mahaɗin kamfani an auna shi ne daidai da ƙirar babur guda, yana shiga ramukan notin da ke jikin firam ba huji ba walda, kuma yana zuwa da takardar da ta faɗi iyakar nauyinsa. Idan akwai na babur ɗinka, ka saya kawai, tsadarsa ba ta kai ta firam ɗin da ya tsage ba. Matsalar ita ce manyan babura sanannu aka fi yi wa, sauran sai a nufi wurin mai walda.

Na gida ba laifi ba ne, amma a nan ake yin ɓarnar. Wadda ta fi yawa ita ce a ɗaure tirela a jikin kariya ko a ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar baya. Wannan ƙarfe nauyin da ke dannawa daga sama aka yi shi ya ɗauka, ba fizga gaba da baya sau dubbai ba. Ga shi kuma a sama yake, nesa da bayan taya, sai mahaɗin ya zama kamar mutum ya zauna a ƙarshen benci: ɗaya gefen ya ɗaga. A babur, ɗaya gefen nan tayar gaba ce, mai tuƙi da mafi yawan birki. Mahaɗi nagari yana zama ne daidai tsayin tsakiyar tayar baya ko kusa da haka, kusa da tayar gwargwadon yadda ba za ta taɓa shi ba idan shokozoba ta nutse. Ya kama babban firam a wurare huɗu, biyu kowane gefe, da ƙarafan tokara da suka haɗa kusurwa uku don kada ya lanƙwashe ko ya yi gefe.

Wasu kan ɗaura shi a ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, mai hawa da sauka. Yana da sauƙi, kuma nauyin ba ya danne shokozoba. Amma duk gargadar da tayar ta taka kai tsaye take dukan mahaɗin, kuma boris ɗin wannan ƙarfe na cin wuya. Ga 'yar tirela mara nauyi ya yi, ga mai lodi a'a.

Kada ka bari a yi walda a jikin firam ɗin kansa ko a huda shi. Zafin walda yana canza ƙarfen da ke kewaye da ita, nan tsagewa ke farawa, balle firam na alminiyom. A ƙera mahaɗin daban, a ɗaure shi da bol mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwancewa. Ƙarfen ya zama bututu mai kauri ko falle mai ƙwari, ba rodi ba, ba fayif ɗin ruwa ba. Mai waldar ma ka dubi aikinsa na baya: wanda ya saba da ƙofa da taga daban, wanda ya saba da ƙarƙashin mota daban. Waldar da ta taru a sama ba ta narke ta shiga ciki ba, ado ce kawai.

A ganina hanya ta uku ta fi wa yawancin mutane: gaɓar, ƙwallo ne ko mai juyawa, a sayi ta kamfani, mai walda ya ƙera ƙarafan da za su riƙe ta kawai. Ƙugiya da zobe, ko ƙusa da aka zira a rami, suna barin wasa, kowane tashi da kowane birki sai an ji ƙwas a baya.

A jikin tirelar kanta, ka dubi tsawon hannunta. Masu ƙerawa kan so daga tsakiyar ƙafafun zuwa mahaɗi ya kai faɗin tsakanin ƙafafun sau ɗaya da rabi zuwa biyu, gajeren hannu shi ke kawo lilo. Rim mai inci 12 ya fi mai inci 8, don ƙaramar taya ta fi yawan juyawa, boris ɗinta ya fi zafi, rami kuma ya fi haɗiye ta. Sarƙar tsaro biyu, a gicciye su ƙarƙashin hannun, a maƙala su a wurin da ba ƙwallon ba. Fitilun birki da na sigina su zama LED, su sha wuta daga batir ta rile (ɗan makunnin lantarki mai kunna kansa) da fis nasu, domin sababbin babura masu kwamfuta ba sa son a ratsa musu waya.

Wajen lodi, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin mai ƙafa biyu ya kamata ya sauka a kan mahaɗi, wato kilo 10 zuwa 15 ga tirela mai kilo 100. Sikelin awon mutum ya isa a gane, ka ɗora hannun tirelar a kai a tsayin da yake zama a babur. In ya gaza haka za ta yi lilo, in ya wuce gaban babur zai yi sakayau. Kaya masu nauyi a ƙasa, ɗan gaba da ƙafafun, a ɗaure tamau.

Gwajin farko a fili mara motoci za ka yi shi, da tirela ba kaya, sannan da rabin lodi, kana ƙara gudu sannu a hankali kana gwada birki a miƙe. In ta fara lilo kada ka danne birki, ka sassauta totur ka riƙe kan babur har ta lafa, sannan ka tsaya ka matso da kayan gaba. Bayan tafiyar farko ka sake bin notocin da sifana, ka taɓa tsakiyar ƙafafun ka ji ko sun yi zafi. Ka shafa wa mahaɗin fenti mai haske maimakon baƙi, tsagewa na fitowa a kansa kamar siririn zare mai tsatsa a gefen walda, kuma da ka ga wannan a cire shi a sake wani, ba a ƙara masa walda a kai ba.