Wanne za ka saya cikin wasannin kwamfuta na gina ƙauyukan Turai ta dā?

Wasannin kwamfuta da ke ɗora mutum a kan ƙauyen manoma na Turai a zamanin sarakuna da barori sun yi yawa, kuma hotunan tallansu kusan iri ɗaya ne: rufin ciyawa, gonakin alkama, coci a tsakiyar gari. Wanda ya saya don hoto yakan yi nadama, domin abin da ya raba su shi ne matsayin da suke ba mai wasa. Wani zai naɗa ka basarake mai karɓar haraji, wani ya sa ka sarkin noma mai lissafin taki da iri, wani kuma ya miƙa maka fartanya ya ce ka yi da hannunka.

Manor Lords ne ya fi shiga bakin mutane tun da aka fara sayar da shi ranar 26 ga Afrilun 2024. Wani ɗan ƙasar Foland, Greg Styczeń, shi ya ɗauki shekaru yana gina shi kusan shi kaɗai, ya kuma kwaikwayi yankin Farankoniya na Jamus a ƙarshen ƙarni na 14. Ana farawa da iyalai biyar a cikin tantuna da sa guda ɗaya, kuma wannan san shi ne ke jan gungumen itace ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin gini, ta yadda idan aka jera gine-gine da yawa a lokaci guda sai aiki ya tsaya cik ana jiran dabba. Ba a tilasta maka jera gidaje a layi. Kai ne za ka shata hanya yadda ta yi maka, ka yanka filaye masu tsawo, kowane gida da sarari a bayansa inda za a yi lambu ko akurkin kaji ko garken awaki. Wannan ya yi daidai da yadda ƙauyukan wancan zamani suke, inda talaka ke da ɗan abin da yake nomawa don kansa baya ga abin da ake bin sa.

A nan ne ake ɗanɗana sarauta sosai. Dukiyar gari daban take da baitulmalin basarake, kuma haraji ne ke kwaso kuɗi daga wannan zuwa wancan, amma da zarar ya yi nauyi jama'a za su fara ƙorafi, baƙi su daina zuwa zama. Akwai kuma ushirin abinci da ake ba coci. Abin da ya fi burge ni shi ne mayaƙan gari su ne dai manoman gari, don haka wanda ya tara maza ya tafi korar 'yan fashi a watan Satumba zai dawo ya tarar da alkama a tsaye babu mai girbi, wanda ya mutu a fagen fama kuwa gurbinsa a gona ya zama babu kowa. Sai dai dole mai saye ya sani cewa an fito da wasan ne tun ba a kammala shi ba, ana ta ƙari da gyara, kuma yana bukatar kwamfuta mai ƙarfin nuna hoto.

Wanda noman kansa ya dama, Farthest Frontier na kamfanin Crate Entertainment, wanda ya fito a 2022, ya fi dacewa da shi, kuma a ganina babu na biyunsa a wannan fanni. Kowace gona tana da ma'aunin ƙarfin ƙasa, da yawan ciyawa, da yawan duwatsu, da gwargwadon yashi da laka, kuma ana tsara mata abin da za a shuka na shekara uku a jere. Alkama tana ba da amfani mai yawa amma tana cinye ƙasa, wake da danginsa suna mayar mata da ƙarfi, wani iri yana jure sanyi, wani zafi ke kashe shi, kuma maimaita iri ɗaya a gona ɗaya yana jawo cutar shuka. Duk wanda ya taɓa ganin an bar gona saura don ta huta, ko an kai mata takin bola, zai gane dabarar nan take. Manoman Turai ma haka suka yi ɗaruruwan shekaru, suna raba filin gari kashi uku, ɗaya na shukar kaka, ɗaya na shukar bazara, ɗaya a bar shi ya huta. Bayan girbi kuma akwai sauran aiki, domin abinci yana ruɓewa a rumbu, ɓeraye suna ɓarna, rashin tsabtar ruwa yana kawo kwalara. Mahara sukan kawo farmaki, amma ana iya kashe wannan ɓangaren gaba ɗaya. Raunin wasan shi ne babu wata sarauta ta a zo a gani, kuma idan gari ya girma kwamfuta takan fara nauyi.

Banished, na 2014, shi ne tsoho a cikinsu, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta shi. Babu yaƙi, babu kuɗi, sai musayar kaya da fatake masu zuwa ta kogi, abokan gaba kuwa su ne yunwa da hunturu da tsufan jama'a. Ba shi da nauyin saukewa, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗinsa.

Medieval Dynasty, wanda aka kammala a 2021, ya juya al'amarin. Kai ne saurayin da yaƙi ya koro, kana sarar itace, kana farauta, kana huɗa da shuka da hannunka, har ka gina gida, ka yi aure, ka jawo mutane su zauna tare da kai, kuma duk bazara kai ne mai biyan haraji. Yana da daɗi ga mai haƙuri, amma sa'o'in farko aikin ƙarfi ne zalla. Shi ne kuma ake samu a PlayStation da Xbox, har abokai huɗu suna iya yin sa tare.

Ni da za a ce in ɗauki ɗaya, Farthest Frontier zan ɗauka, in jira Manor Lords ya ƙara nuna. Kafin biyan kuɗi, a gwada abin da shafin wasan ya ce yana bukata da abin da kwamfutarka ke da shi, musamman katin hoto. Idan a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ka saya, ana mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka yi wasan fiye da awa biyu ba, saboda haka kada ka ɓata waɗannan awanni wajen zaɓen tuta da sunan gari. Ka shiga kai tsaye ka yanka gona, ka ga yadda kwamfutar za ta ɗauka.