Kotun Ma'aikata ta Ƙasa: abin da take iya yi wa wanda aka zalunta a wurin aiki

Ma'aikaci a Najeriya da aka kora saboda rashin lafiya, ko ma'aikaciyar da aka sallama don ta samu juna biyu ko don ta ƙi yarda da neman lalatar shugabanta a wurin aiki, kotu ɗaya ce ke da hurumin sauraron ƙararsu: Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An kafa ta a 1976, amma ƙarfinta na gaske ya zo ne da gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010. Sashe na 254C ya ba ta, ita kaɗai, shari'o'in nuna bambanci, neman lalata a wurin aiki da kora ba bisa ƙa'ida ba. Tana da rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Bauchi da Yola, hedikwatarta kuma tana Abuja.

A ganinmu, babban alherin wannan kotu shi ne ta fi Dokar Ƙwadago faɗi. Dokar Ƙwadago tsohuwa ce, kuma ƙuntatacciya. Sashe na 16 ya ba da hutun jinya na kwana 12 na aiki kacal a shekara tare da albashi, idan likita mai rajista ya ba da takarda. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Sai dai sashe na 91 ya cire manajoji, ƙwararru da masu aikin gudanarwa daga ma'anar "ma'aikaci". Akawun banki ko injiniya ba zai dogara da waɗannan sassa ba; takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin kamfani ne makaminsa.

A nan kotun ke cike giɓi. An ba ta ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, irin su ta 111 kan nuna bambanci da ta 190 kan cin zarafi a wurin aiki, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022. A Disamba 2013, reshenta na Legas ya yanke hukunci a ƙarar wata ma'aikaciya da Microsoft Nigeria cewa korar mace don ta ƙi yarda da neman lalatar shugabanta keta mutuncinta ne da nuna mata bambanci ƙarƙashin sashe na 34 da na 42 na Kundin, ya ci kamfanin da shugaban diyyar miliyoyin naira. Dokokin zaman kotun na 2017 sun ware Oda ta 14 ga wannan lamari, inda mai ƙara zai fayyace irin abin da aka yi: taɓa jiki ne, magana ce, ishara ko hoto ne, ko kuwa "ba ni in ba ki", wato alƙawarin ƙarin girma ko barazanar kora.

Amma kotu ce ta takarda, kuma nan ne yawancin ƙararraki ke mutuwa. Tun ranar shigar da ƙara ake haɗa komai: takardar ƙorafi, bayanin abin da ya faru, sunayen shaidu, rantsattsen bayanin kowannensu, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Wanda ake ƙara yana da kwana 14 ya mayar da martani. Wanda ya nemi bashin albashi ko alawus ba tare da takardar biyan albashi, bayanin asusun banki ko takardar da ta nuna yana da wannan haƙƙi ba, ba zai samu ko kwabo ba, komai gaskiyarsa. Saƙonnin WhatsApp da imel shaida ce mai ƙarfi a ƙarar neman lalata, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su. Lauyan ɗaya ɓangaren zai fara kai hari ne daga nan. A ajiye wayar, kada a goge saƙo, kada a dogara da hoton allo kaɗai.

Ramuwar gayya ta fi wuyar tabbatarwa, domin babu kamfanin da zai rubuta cewa ya kore ka don ka yi ƙorafi. Jerin kwanan wata ne ke magana: ƙorafi a rubuce da aka buga wa hatimin karɓa ranar kaza, takardar tuhuma bayan mako biyu, kora bayan wata guda, alhali rahotannin aikin baya duk masu kyau ne. Ƙorafin baki da aka kai wa shugaban ma'aikata a ofishinsa ba ya barin sawu. Wanda kuma ya sa hannu a takardar cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, ba ya da sauran magana, ya ɗaure kansa da igiya.

Ma'aikacin gwamnati ya kula da lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal na shigar da ƙara, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun saɓa wa juna kan ko ta shafi rikicin aiki. A shigar kafin wata ukun ya cika, ko da ana jiran amsar takardar koke.

Cibiyar sulhun kotun, wadda ta fara aiki da dokokin 2015, tana da amfani idan rigimar ta kuɗi ce zalla, kamar garatuti ko albashin watan sanarwa, domin tana rage shekaru zuwa makonni. Ba mu ganin ta dace da macen da za a zaunar gaba da gaba da wanda ya ci zarafinta.

Inda kotun ta gaza shi ne tsada da nisa. Harshenta Turanci ne, takardunta sun fi ƙarfin maigadi ko mai shara in babu lauya, kuma ɗage zama na iya jan shari'a fiye da shekara. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa da wuya a mayar da shi bakin aiki. Diyya ake ba shi. Bayan hukunci ma ana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyarsa ta ƙwadago, yana riƙe da takardar ɗaukar aiki da ta likita.