"In other words" ko "i.e.": wacce za ka riƙe?

Ɗan'uwa, tsakanin "in other words" da "i.e." da ka ce suna rikita ka a rubutun Turanci, riƙe "in other words". Ita za ta yi maka aiki a wasiƙa, a jarrabawa, a rahoton ofis, har da magana baki da baki. "I.e." kuwa ka san ta dai don kada ta ɓatar da kai in ka ci karo da ita.

Ruɗanin daga wajenmu ya samo asali. Mu "wato" ɗaya ce ke ɗauke da kayan duka: da ita muke sauƙaƙa magana, da ita muke ambaton sunan abu, da ita muke kawo misali, wani lokaci ma da ita muke jan numfashi kafin tunani ya iso. Turanci ya rarraba wannan aiki, kowace kalma da nata rabo, kuma in ka ɗora wa ɗaya aikin 'yar'uwarta ma'ana na iya sauyawa.

Aikin "in other words" shi ne ta ɗauki magana mai nauyi ta sauke ta inda kowa zai kai. Ka ɗauka an miƙa wa ma'aikaci takarda, ya karanta "The contract is non-renewable", ya ɗago kai yana kallon mai ba shi, bai san ko murna zai yi ko baƙin ciki ba. Sai aka ce masa, "In other words, your job ends in December." Nan take ya gane aikinsa zai ƙare a Disamba, ya fara lissafin abin yi. Wannan shi ne abin da nake so game da ita: tana tausaya wa mai sauraro, ba ta barin sa a duhu don kunyar tambaya.

Tana da aiki na biyu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato fito da abin da aka lulluɓe. "The manager said he would think about it. In other words, the answer is no." Manaja bai ce a'a da bakinsa ba, amma mai magana ya faɗi abin da ake nufi. Mai sauraro ma yana iya amfani da ita ya tabbatar ya fahimta: "In other words, you want me to start again?" Sai dai a nan ka kula da murya. In ka faɗe ta da ƙarfi ga wanda ya girme ka ko shugabanka, za ta fito kamar ƙalubale. A irin wannan wuri "If I understand you correctly" ta fi ladabi.

Sharaɗinta shi ne abin da ya biyo bayanta ya fi na gabanta sauƙi, galibi ma ya fi shi gajarta, kuma kada ya shigo da sabon labari. In ka ce farashi ya tashi, sannan ka ce "in other words" mutane sun daina saye, ka yi kuskure, domin wannan sakamako ne, wurin "as a result" ne. Ga gwajin da ba ya ɓata lokaci: rufe jimlar farko da yatsa ka karanta ta biyu. In ta faɗi abu ɗaya da ta farkon, ka yi daidai. In kuma ka ga ta biyun ta wadatar ita kaɗai, kuma ta farkon ba ta ɗauke da wata kalma ta fanni da dole mai karatu ya gani, goge ta farkon gaba ɗaya, rubutunka zai fi tsabta.

Wajen alamomi, in jimloli biyu ne cikakku, sa aya, ka fara da babban harafi, ka sa waƙafi bayan "words". Waƙafi mai ruwa ma yana iya zama a wurin ayar. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kawai, kuskuren da malaman Turanci ke kira "comma splice". Sannan "words" ce da harafin s a ƙarshe, kuma "other" ce. "In another words" da "in other word" duk ba su inganta ba, kuma kurakurai ne da ake yawan yi. A rubutu mai kalmomi 250, sau ɗaya ya isa a ganina. In ta kai uku, mai karatu zai fara zaton ba ka iya faɗin abu daidai tun farko ba.

"I.e." gajarta ce ta Latin, "id est", daidai da "that is". Tana da amfani a ƙunƙuntaccen wuri, cikin baka biyu ko a bayanin ƙasan shafi, inda za ka nuna takamaiman abu ɗaya. Ba a fara jimla da ita, kuma a baki ba ta da daɗin ji. Amurkawa suna sa mata waƙafi a baya, 'yan Ingila sau da yawa ba sa sawa. Babbar matsalarta ita ce yadda ake cakuɗa ta da "e.g.", wadda ke nufin misali. "Bring an identity document, i.e. a passport" na nufin fasfo kaɗai za a karɓa. Da "e.g." aka sa, fasfo misali ne, wata shaidar ma za ta shiga. Harafi biyu ne, amma suna iya sa a mayar da mutum gida daga bakin ƙofa. A 2016 ma masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya na intanet sun yanke shawarar daina amfani da waɗannan gajarce-gajarce, saboda suna rikita jama'a, kuma wasu manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu suna furta "eg" kamar kalmar ƙwai ta Turanci.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka tun da rubutu kake koyo. Yi hattara da masu tallan jerin "kalmomin haɗi guda ɗari" da alkawarin in ka haddace za ka ci maki 8 ko 9 a IELTS, jarrabawar auna ƙwarewar Turanci da mafi girman makinta 9 ne. Masu duba rubutun wannan jarrabawa abu huɗu suke aunawa: amsa tambayar, tsari da haɗuwar tunani, yalwar kalmomi, da nahawu. Cusa kalmomin haɗi barkatai yana cikin abin da ke hana maki hawa, kuma haddatacciyar amsa ana gane ta. Wanda kuma ya ce zai samo maka takardar sakamako ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ɗan damfara ne, kada ka tura masa ko kwabo. Kafin ka biya kowane malami, ba shi sakin layi ɗaya da ka rubuta da kanka, ka ce ya gyara a gabanka ya gaya maka dalilin kowane gyara.