Hattara da masu tallar liyari "na asali, bugun 1780"

Jama'a, musamman masu sha'awar tara tsofaffin kuɗin azurfa, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan liyari, wato dalar Mariya Tariza, a Facebook da WhatsApp, yana cewa nasa bugun farko ne, irin wanda Turawa ke nema ruwa a jallo. Ƙanina ya faɗa hannunsa a watan jiya, kuɗin da ya daɗe yana tarawa suka tafi, abin kuma har yanzu yana ci mini rai.

Babbar hujjar mutumin ita ce shekarar 1780 da ke jikin kuɗin. To ku sani, wannan shekara ba ta tabbatar da tsufa ko kaɗan. Sarauniyar Ostiriya Mariya Tariza ta rasu ne a 1780, kuma duk liyarin da aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da sa masa, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu nan ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Biyana da Milan da Rum da Landan da Faris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba. Shi ya sa ya cika ƙasar nan tun zamanin fatake. Lokacin da Barth, Bajamushe matafiyi mai bincike, ya zo Kano a 1851, ana canza guda ɗaya a kan wuri kusan 2,500. Maƙeran fari sun narka da yawa sun yi zobba da mundaye, matan Fulani kuma suna ado da shi a kitso.

Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin bugu da bugu, domin ba da ƙarfen hatimi ɗaya aka buga su duka ba, kuma masana da wannan suke gane na da da na baya. Suna ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'un da ke maɓallin kafaɗar sarauniya da na kambinta. Suna ƙirga gashin wutsiyar mikiya mai kai biyu da ke bayan kuɗin. Suna duba siffar alamar X da ke bin shekarar, da yadda aka ɗiga haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton, waɗanda ke nuna sunayen jami'ai biyu na gidan bugu na Gunzbag, wani gari a ƙasar Jamus ta yanzu. Aiki ne na gilashin ƙara girma da haƙuri, da kuɗin a tafin hannunka. Shi kuwa wannan mutum ya haddace kalmomin ne kawai. Ya zagaye wani ɗigo da jan layi a hoto mai hazo, ya ce wai kuskuren hatimi ne da babu irinsa sai biyu a duniya.

Ga yadda suka kama ƙanin nawa. Kwana biyu da fara magana, sai wani ya kira shi, ya ce shi dillali ne na wani Bature, zai saya ninki goma in ya samo. Ƙanina ya tura kafin alƙalami, ya cika sauran, aka aiko da kaya ta mota. Daga ranar layin dillalin ya mutu.

Da na kai wa wani dattijo maƙeri liyarin a Kasuwar Kurmi, bai ko ɗauki gilashi ba. Ya ɗora a sikeli, ya ce, "Ɗana, wannan zubi ne." Liyari na gaskiya giram 28 ne, faɗinsa wajen milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000. Namu giram 22 ya yi. A gefen na gaskiya akwai rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, namu kuwa layin haɗin zubi ne ya zagaye shi. Da ya buga shi a ƙasa, babu amon nan mai tsawo na azurfa. Kada ma ku dogara da maganaɗisu kaɗai, domin ko da yake azurfa ba ta kama shi, farin ƙarfe na jan gaci shi ma ba ya kamawa.

Ko da na azurfar gaske aka ba ku, in bugun baya ne, galibi kuɗinsa bai wuce na azurfar da ke cikinsa da ɗan ƙari ba, wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne kuma darajarsa ta faɗi a wurin masu tarawa. Kada ku tura ko sisi sai an auna a gabanku, wurin maƙerin da ku kuka zaɓa. Mutumin ya sauya suna da hoto, amma har jiya na ga tallar tana nan.