Busasshe ko na gwangwani: amsata kan hummus mai ganye

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Kin tambaya wane waken chickpea za ki saya don yin hummus, wato niƙaƙƙen waken da ake dangwala da gurasa, na gwangwani ko busasshe. Busasshen za ki saya, kar ki tsaya dogon tunani. Tunda hummus mai koren ganye kike son ajiye wa baƙi, kuma a cikin wannan zafin za a yi zaman, to tsakanin waken gwangwani da busasshe ni dai ban ga haɗi ba, matuƙar kina da kwana ɗaya a hannu kafin ranar.

Na gwangwani yana yi, ba zan ce ba ya yi ba. Dafaffe ne, ki buɗe ki tsiyaye ki ɗauraye ki zuba a blanda, shi ke nan. Iyakar alherinsa ke nan kuma. Na taɓa sayen katan guda da wani azumi, da ƙyar ya ƙare, a salak muka ƙarasa shi. Su masu yinsa suna dafa shi ne ya tsaya da ƙwarinsa don kar ya farfashe a cikin gwangwani, ɓawon nan yana nan daram, duk yadda kika kai ga niƙa sai kin ji tsaki-tsaki a harshe, ga ɗanɗanon ruwan gishirin da ya daɗe a ciki wanda yake danne ƙamshin na'a-na'a. Sannan ki duba jikin gwangwanin da kyau, mai giram 400 in kin zubar da ruwan waken da ya rage bai wuce giram 240 ba, ragowar duk ruwa kika saya. Rabin kilo na busasshe kuwa in ya sha ruwa ya dahu yana haura kilo ɗaya, wato kusan gwangwani 5 ke nan, ki je ki tambayi kuɗin wannan da na wancan a kanti ki gani da idonki.

Ni a hannun gwaggon maigidana na san darajar busasshen. Ta yi shekaru a Sudan wajen Wad Madani, can kabkabe suke ce wa waken, kuma da azumi ba a raba su da shi, dafa shi suke yi a sha ruwa da shi. Ta zo mana sunan 'yar ƙanwata a tsakiyar bazara, ta same ni ina shirin sauke tukunya wake yana nan ƙwaya-ƙwaya gwanin kyau, sai ta ɗebo guda ɗaya a ludayi ta hura ta matse shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya rabe biyu, ta ce a'a 'yata mayar da shi, wannan na ci ne ba na niƙa ba. Muka bar shi yana ta tafasa har ɓawon ya saki ya taso saman ruwa fari-fari muna kwashewa da matsami, da ta sake matsawa sai ya baje a yatsanta ba ko ƙulli. Ranar na ga hummus mai santsi irin wanda cokali ke barin sawu a kai. Mun yanka gurasa muka jera a gefe, wallahi kafin a buɗe kular shinkafa kwanon ya koma fes, har daga zaure aka aiko ko akwai saura, dattawan da ba su taɓa jin sunan abin ba.

Asalinsa abincin mutanen Sham ne, Lebanon, Siriya, Falasɗinu, Jodan, har da Masar, duk wadda ta je Umara ta gan shi a gefen gasasshiyar kaza, a Kano ma Kwarori sun daɗe suna yinsa. Nasu fari ne, wake da tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da lemun tsami da tafarnuwa, fasli a sama kawai suke barbaɗawa. Mai koren da kike so an niƙa ganyen ne a ciki, kuma shi ya sa nake nace miki kan busasshe, don ganye ɗanye abu ne mai laushin ƙamshi, sai waken da ba shi da wani baƙon ɗanɗano yake barinsa ya fito.

Ga yadda nake yi da rabin kilo, yana isar mutum 20 in dai abin dangwale ne a gefe ba shi ne abincin ba. Ki tsince shi ki wanke ki jiƙa da ruwa mai yawa don zai kumbura ya ninka, awa 8 zuwa 12. Amma dan Allah a wannan yanayin kar ki bar shi a kicin ya kwana a buɗe, da safe za ki tarar da kumfa a kai yana tsami, ki sa robar a firji, in babu wuta ki ajiye a wuri mai sanyi ki canza ruwan kafin ki kwanta ki sake canzawa da asuba. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora da sabon ruwa da bekin soda cokalin shayi ɗaya, shi ne yake sa ɓawon ya saki. Na san za a ce kanwa fa? Tana yi, aikinsu ɗaya, yadda muke sa ta a wake da shinkafa, sai dai tana duhunta launi kuma in ta ɗan yi yawa za ki ji ta a baki, ke kuma kore shar kike nema. In ita kike da ita to ruwanta kaɗan, ki tace. Gishiri sai can ƙarshe. Minti 40 zuwa awa ɗaya yake ɗauka a tukunya, tsohon wake yana wuce haka, ki tsaya kusa don da soda kumfa yana tasowa da sauri ya zube miki a kan gas. Ba sai kin zauna ɓare ƙwaya ɗaya-ɗaya ba, wanda ya taso ki kwashe, sauran zai niƙu.

Kafin ya dahu ki daka tafarnuwa guda 4 ko 5 ki zuba a ruwan lemun tsami kamar rabin kofi ki bar ta minti 10, tsamin yana kashe mata wannan zafin da yake biyo mutum har washegari. Lemunmu ƙanana sun fi manyan nan masu ruwan ɗorawa kaifi, ki fara da kaɗan kina ɗanɗanawa. Ki fara zuba lemun da tahina kofi ɗaya da gishiri a blanda, za ki ga ya ƙulle ya yi tauri, kar ki tsorata haka yake yi, ki dinga zuba ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan zai saki ya yi fari. Sannan wake, yana da ɗuminsa, kashi-kashi ba gaba ɗaya ba, kina kashewa kina juyawa da cokali don ƙananan blandojin nan namu ba sa jure kauri, in kin ji warin waya ki ba ta hutu. Kumin rabin cokalin shayi in kina so. Kar ki kai shi injin markaɗe na unguwa ko an ce za a wanke miki, attarugun da aka markaɗa kafin naki sai ya fito.

Wajen ganye ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu. Zafi da tsami su ne suke mayar da kore ya koma kalar miyar kuka, to kar ki zuba ganye a kan wake mai zafi. Ki niƙa farin ki bar shi ya huce sarai, ko ma ki yi shi da daddare ki sa a firji, ranar taron da safe ki niƙa ganyen daban da ɗan man zaitun da ƙanƙara guda biyu, ki juye a ciki ki gauraya. Fasli ya fi yawa, kamar cikin hannu biyu, ganyen kawai ban da kara mai kauri, na'a-na'a rabin haka don in ta yi yawa tana ɗaci, lawashi ɗan kaɗan, koriyanda in mutanen gidanku suna sonta don akwai waɗanda ba sa ko son jin ƙamshinta. Ɗoɗɗoya tana da daɗi a ciki sosai amma ita ta fi kowa saurin baƙi, ganye biyar ko shida ya isa. In kina so launin ya daɗe ki tsoma faslin a tafasasshen ruwa ki ƙirga goma ki tsame ki jefa a ruwan ƙanƙara ki matse. Kuma ki wanke ganyen nan da kyau da ruwan gishiri ko binega, kin san ɗanye za a ci kuma ba kowane lambu ne ake ba ruwa mai tsafta ba. In a Kano kike ki yi sammakon 'Yankaba, da safe ganyen yana da ransa.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa miki, ki yi hattara da masu sayarwa, don kayan da ba kowa ya sani ba a nan aka fi cutar mutane. Busasshen da ake aunawa a buɗe ki ɗebo a tafin hannu ki duba, in kin ga ƙananan huji ko gari a ƙasan buhu ƙwari sun shiga, in ya yamutse ya yi duhu tsoho ne ko kwana za ki yi kina dafawa ba zai yi laushi ba. Ki shinshina ma, akwai marasa tsoron Allah da suke zuba wa hatsi maganin ƙwari don ya daɗe, in kin ji wani wari kamar na fiya-fiya ki ajiye musu kayansu. Wasu kuma suna haɗa sabo a sama tsoho a ƙasa, ki ce a ɗebo miki daga ciki. Gara na leda mai hatimi da kwanan wata. Na gwangwani kuwa ki kalli wajen kwanan watan, in kin ga kamar an goge an sake bugawa ko an manna takarda a kai ki bari, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotse a bakin murfi ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa, guba ce. Man zaitun yana shan algus sosai, ana cika kwalba da wani man a sa masa kala, ki nemi lambar NAFDAC ki duba murfin ba a taɓa buɗewa ba, in kuɗin ya yi arha fiye da hankali to ba shi ba ne.

Tahina ma haka, ana haɗa ta da gyaɗa ko gari. Ta gaskiya riɗi ne zalla ba komai, kuma mai yana tasowa sama in ta zauna, wannan ba lalacewa ba ce juyawa za ki yi. Ni na daina saye ma, riɗin da Jigawa da Nasarawa da Binuwai suke nomawa ana lodinsa daga Dawanau zuwa ƙasashen waje shi ne dai, me zai sa in saye shi da tsada bayan ya dawo a kwalba. Ki sami fari wanda aka surfe, ki rairaye tsakuwa tsaf, ki shanya ya bushe, ki soya sama-sama a kasko ba mai har ki ji ƙamshi, kar ya yi ja irin na kantu don zai yi ɗaci, ya huce ki niƙa a ƙaramin kofin blanda da cokali biyu na mai har ya zama ruwa-ruwa.

In kuma lokaci ya ƙure miki dole sai gwangwanin, to aƙalla ki ɗauraye shi sosai ki tafasa minti 15 zuwa 20 da ɗan bekin soda kafin ki niƙa, zai rage tsakin, ba zai kamo busasshe ba amma za a ci.

Ranar taron kar ki juye duka a babban faranti ɗaya ki ajiye a rumfa tun azahar. Dafaffen wake ne da ɗanyen ganye, ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci awa 2 ce a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke gani. Ki raba a ƙananan kwanuka, ki fito da ɗaya sauran suna firji ko a kula da ƙanƙara, in ya ƙare a ɗauko wani, kowanne ki shafa shi da bayan cokali ki yi rami a tsakiya ki zuba man zaitun, man yana kare saman daga bushewa da canza launi. Ki sa cokali a kowane kwano a dinga ɗiba a faranti, musamman in akwai yara. Gurasa ki ɗan gasa ta ki yanka kanana, kokwamba da karas da koren tattasai a tsaye a tsaye, in akwai balangu ki yayyanka ƙanana ki zuba a kan kwanon maza da ɗan yaji. Wanda bai fito waje ba yana kwana 3 zuwa 4 a firji in wuta tana tsayawa, wanda ya sha rana kuma ko ya rage a zubar. In taron Asabar ne, ki jiƙa waken Juma'a da safe, ki dafa ki niƙa da yamma, ganye Asabar da safe.