Wasiƙa daga Liyon kan na'urar karanta littattafai

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zafin Garwa? A gaishe mini da Inna da yara.

Na'urar da ka ce in duba maka, na sayi ɗaya mai suna Kobo, a kantin Fnac a nan Liyon ta Faransa. Kamfanin na Kanada ne, amma tun 2012 yana hannun Rakuten na Japan. Na biya wajen Yuro 150. In ka lissafa Yuro ɗaya a kan sefa 655 da 'yan kai, ta kusa jaka ɗari ke nan, don haka ka san da wannan tun yanzu.

Tun da na kunna ta nake ganin ta fi dacewa da ku a kan mutanen nan. Fuskarta ba ta walƙiya irin ta waya. Rubutun yana zaune a kai kamar tawada a kan allo, kuma iya ƙarfin rana iya fitowarsa. Kana iya zama gindin darbejiya da azahar ka yi karatunka, inda waya sai ka kāre ta da tafin hannu. Sannan fuskar ba ta shan wuta sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya ke kai ta makonni. Su nan da ba a ɗauke musu wuta, wannan ƙawa ce kawai. Ku da a watan Afrilu kuke zaman jiran ruwan dam ɗin Lagdo mai ba ku wuta ya ƙaru, ai kun san darajarsa. Tana da ɗan haske na karatun dare, ana kuma ƙara girman baƙi, abin da zai yi wa idon Baffa daɗi. Sai dai tana da nawa wajen juya shafi, ba ta kuma yin WhatsApp, wanda ni dai ban ga aibinsa ba.

Matsalar tana wajen littattafan. Da katin banki ake saye, babu maganar biya ta waya irin Orange Money ko MoMo. Kuma kada ka ɗauka araha ne don babu takarda. Faransa tana da doka tun 1981 cewa mai buga littafi ne ke yanka farashi, kowane kanti haka zai sayar, a 2011 aka faɗaɗa ta zuwa littattafan na'ura. Sabon littafi ragin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Tsofaffi ne kyauta, waɗanda marubutansu suka cika shekara 70 da rasuwa, kuma da yawan abin da kuke koyarwa a lise, wato sakandare, na adabin Faransanci yana cikinsu. Nan kam ka tsinci dami a kala.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aro. Yawancin littafin da ka saya a ɗaure yake da asusunka, ba ka miƙa wa maƙwabci, ba ka kai shi kasuwa a sayar in an gama. A gida littafi ɗaya sai ya zaga unguwa, ya je Marwa ya dawo bango a yage, ga masu fotokofi a bakin makaranta. Nan ɗakin karatu na gari ne ke ba da aro ta intanet, in wa'adi ya cika littafin ya rufe kansa, ba mai bin ka. Amma sai kana da katinsu. Kindle, na'urar kamfanin Amazon, ba ya ma karɓar wannan aron, shi ya sa na bar shi.

Na nemi littattafan Hausa da Fulatanci a kantin Kobo, ɗan abin da na gani bai kai a ba da labari ba. Waɗanda ke yawo a waya PDF ne, a kan fuskar inci 6 baƙin yana ƙanƙancewa, sai ka yi ta ja da yatsa.

Garanti kuwa shekara 2 ne bisa doka, abin da aka saya ta intanet kuma ana mayarwa cikin kwana 14. Amma in ta lalace a Garwa wa zai gyara? Masu gyaran waya na babbar kasuwa ba su da fuskarta.

Shawarata, kada ka turo kuɗi tukuna. Zan cika wannan da na kyautan, in ba mai zuwa gida kafin babbar salla ya kawo maka. Ka turo mini sunayen littattafan da ke cikin manhajar bana, ka kuma sa tela ya ɗinka mata jaka saboda ƙura.

Ƙaninka